Daɓen Katako a Banɗaki: Yadda Ake Shirya Shi Kafin a Shimfiɗa Tayil

A galibin gidajen Kano, Zariya da Maraɗi, tayil ɗin banɗaki a kan kankare yake zaune. A Amurka da Kanada, da benayen gidajen Birtaniya da dama, katako ne a ƙarƙashinsa. Ido ba ya ganin wannan bambanci bayan an gama aiki, amma shi ne ke tantance ko daɓen zai daɗe ko zai tsage tun kafin mai gida ya huce daga kuɗin da ya kashe. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sababbin gidajen iyali da ake ginawa a Amurka da katako ake kafa su, saboda haka ƙa'idojin wannan aiki a can suka fi bunƙasa, kuma a can aka fi ɗanɗana kuɗar yin watsi da su.

Sanin yadda ake shirya irin wannan daɓe yana da amfani ga ɗalibi ko ma'aikacin da ya kama haya a ƙasashen waje, da mai niyyar sayen gida a can, da kuma mai bibiyar yadda ake kashe kuɗin jama'a a gine-gine. Aikin da tayil ya rufe yana cikin ayyukan da suka fi sauƙin ha'inci, domin da zarar an rufe shi babu mai sake ganinsa sai ranar da ruwa ya tona asiri.

Yadda daɓen yake

Daɓen katako hawa biyu ne. A ƙasa akwai dogayen katakai masu kauri da aka jera a kan gefensu daga bango zuwa bango, kamar haƙarƙari. Aikinsu ɗaya da na azara a rufin soro: su ke ɗaukar nauyi su miƙa shi ga bango. A Amurka tazarar da aka fi bari tsakaninsu inci 16 ce, kimanin santimita 40. A Birtaniya santimita 40 ko 60. A samansu ake kafa falankai ko manyan allunan filawud, wato siraran katakai da aka liƙa hawa-hawa da gam, ko allon OSB, wanda ake matsewa daga ɓarɓashin katako. Wannan hawa na biyu shi ne daɓen ƙasa, kuma a kansa ake ɗora duk abin da ƙafa za ta taka.

Tsakanin haƙarƙarin akwai sarari, inda bututun ruwa da wayoyin lantarki ke bi. Idan banɗakin a bene yake, silin ɗin ɗakin ƙasa a jikin waɗannan katakai yake maƙale. Duk ruwan da ya tsallake tayil, nan yake sauka.

Abin da ya sa katako da tayil ba sa jituwa

Katako yana lanƙwasa idan aka taka shi, ya dawo idan aka ɗaga ƙafa. Yana kuma shan danshin iska ya kumbura, ya motse idan iska ta bushe. Duk wanda ya san ƙofar da ke cijewa da damina, ta saki da hunturu, ya san wannan hali. Motsin ya fi yawa ta faɗin katako, ta tsawonsa kuwa kaɗan ne ƙwarai. Tayil ƙasa ce da aka gasa da wuta mai tsanani. Yana jure nauyi daga sama, amma ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Idan abin da ke ƙarƙashinsa ya motsa, sai ya tsage ko ya ɓamɓaro.

Matsala ta biyu ruwa ce. Tayil mai inganci ba ya shan ruwa sosai. Wanda ake kira faranti mai ƙarfi, wato fosilin, a ƙa'idar ƙasa da ƙasa ba ya shan ruwan da ya wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa. Sai dai simintin da ake cike tsakanin tayil da shi yana tsotsar ruwa, kuma yana yin ƙananan tsagu a kusurwa. Katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba ba ya ruɓewa. Idan ya haura haka ya daɗe a jiƙe, ƙwayoyin fumfuna masu cin katako sukan samu wurin zama. Katakon yakan yi laushi daga ciki alhali samansa na nuna lafiya.

Duk matakan shirya daɓen a kan abu biyu suke: rage motsi, da tare ruwa.

Mataki na farko: tsiraita daɓe da bincike

Ana fara da rufe ruwa, a cire masai da abin wanke hannu, a toshe bakin bututun masai da tsumma don kada iskar shadda ta shigo ɗaki. Sannan a ɗaye tsohuwar shimfiɗa har sai katakon ya bayyana.

Akwai haɗari a tsofaffin gidaje. Ledar daɓe mai murabba'i da baƙin gam ɗin da aka liƙa ta da shi kafin shekarun 1980 sukan ƙunshi asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar daji a huhu bayan shekaru masu yawa. Birtaniya ba ta haramta shi gaba ɗaya ba sai 1999. Ba a kankare irin wannan leda ko a goge ta da inji kafin a kai samfurinta gwaji.

Bayan daɓen ya fito fili, ana duba wurare uku da kyau: kewayen masai, gindin kwamin wanka ko shawa, da bakin bango inda bututu suka fito. Baƙin tabo alama ce ta ruwa. Kafinta yakan soka sukudireba a wurin; idan ta nutse cikin sauƙi, katakon ya mutu. Na'urar auna danshi tana nuna abin da ido bai gani ba. Ana yanke ɓangaren da ya ruɓe har zuwa inda katako ke da lafiya, a tabbata gefen sabon allon ya sauka a kan haƙarƙari ko a kan katakon tallafi da aka ƙara. Kafin komai, sai an gano inda ruwan ya fito an toshe shi. Wanda ya canza katako ya bar yoyo, aikin baban giwa ya yi.

Mataki na biyu: ƙarfin haƙarƙari

Ƙa'idar da masu tayil a Arewacin Amurka ke bi ana rubuta ta L/360. Ma'anarta: idan aka ɗora wa daɓe nauyin da aka tsara masa, lanƙwasar haƙarƙari kada ta wuce tsawonsa a raba gida 360. Haƙarƙarin da ya ratsa mita 3.6 ba tare da tallafi ba, iyakarsa milimita 10 ke nan. Idan dutse za a shimfiɗa, irin su mabul, ana ninka tsaurin zuwa L/720, wato milimita 5 a wannan tsawo, domin dutse na da jijiyoyin rauni a jikinsa. Waɗannan ma'aunai suna cikin littafin ƙa'idoji na majalisar masu tayil ta Arewacin Amurka, TCNA, wanda aka fara bugawa a 1963.

Nauyin da banɗaki ke ɗauka ba kaɗan ba ne. Tayil fosilin mai kaurin milimita 10 ya kai kilo 23 a kowace murabba'in mita, ban da siminti. Kwamin wanka da ya ci lita 150 ya ɗauki kilo 150 na ruwa kafin mutum ya shiga.

A banɗaki ne kuma aka fi raunata haƙarƙari, saboda masu aikin famfo sukan sare shi don bututu ya wuce. Kundin ginin gidajen zama da yawancin jihohin Amurka suka ɗauka ya iyakance wannan. Sara a sama ko ƙasan katako kada ya wuce kashi ɗaya cikin shida na zurfinsa, kuma an hana shi sam a tsakiyar kashi uku na tsawon. Rami kada faɗinsa ya wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfin, kuma ya nisanci gefen sama da na ƙasa da aƙalla inci biyu. Dalilin shi ne gefen ƙasa na katako ne ke shan ja idan an ɗora nauyi, kuma tsakiyar tsawo ce ta fi wahala.

Idan haƙarƙari ya yi rauni, ana goya masa sabon katako a gefensa, a ɗaure su da gam da ƙusoshi ko noti. Ana kuma cusa gajerun katakai tsakanin haƙarƙari da ɗan'uwansa don su raba nauyi su daina murɗewa. Inda lalacewar ta yi yawa, injiniya ne ke da ta cewa.

Mataki na uku: allon sama

Ko da haƙarƙari na da ƙarfi, allon da ke tsakaninsu na iya lotsawa ƙarƙashin dunduniya. A tazarar inci 16, mafi ƙarancin kaurin da masu yin kayan shimfiɗa ke yarda da shi kimanin milimita 15 ne, kuma da yawa daga masu sana'ar sun fi son 18. Idan za a liƙa tayil kai tsaye a kan filawud, ana buƙatar hawa biyu da jimillar kaurinsu ta kai wajen milimita 28, da simintin liƙi na musamman da aka yi don katako. Dutse ma hawa biyu yake buƙata.

Ba kowane allo ne ya dace ba. Filawud ɗin da aka liƙa da gam mai jure ruwa ake nema. Allon garin katako, irin wanda ake yin kabad mai araha da shi, yakan kumbura da zarar ya sha ruwa, kuma ba ya komawa yadda yake. Siririn filawud na bayan kabad ma ba ya shiga wannan aiki.

Kafin a ƙara hawa na biyu, ana sake ɗaure na farko a jikin haƙarƙari da sukuru, wato ƙusar da ake murɗawa, domin ƙusa santala takan zare a hankali, ita ce ke sa daɓe ƙara. Ana shimfiɗa hawa na biyu tsawonsa a gicciye da haƙarƙari, a kauce wa haɗa gaɓarsa da gaɓar na ƙasa. Ana barin tazarar milimita uku tsakanin allo da allo, da kimanin milimita shida a bakin bango, don katako ya sami wurin kumbura. Sukuru yana shiga kusan kowane santimita 15 a gefe, 20 a tsakiya.

Mataki na huɗu: daidaito

Simintin liƙa tayil siriri ne, ba a yi shi don cike kwari ba. Ana ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya ta ƙarfe a kan daɓe ta kowace fuska, a duba haske a ƙarƙashinta. Ƙa'idar hukumar ma'aunai ta Amurka, ANSI, ta yarda da bambancin inci ɗaya bisa huɗu a ƙafa 10, kimanin milimita 6 a mita 3, ga ƙananan tayil. Ga tayil ɗin da gefensa ɗaya ya kai inci 15, wato santimita 38, an rage zuwa rabin haka. Manyan tayil da ake yayi yanzu sun fi ƙananan tona asirin daɓe, domin tudu kaɗan ya isa ya ɗaga bakin ɗaya sama da ɗan'uwansa, ko ya bar rami a ƙarƙashinsa. Ana goge tudu da inji, a cike kwari da siminti mai malala da kansa, irin wanda kamfanin da ya yi shi ya amince a zuba a kan katako.

Mataki na biyar: shimfiɗar tsakani

Hanyoyi biyu suka fi yaɗuwa wajen raba tayil da katako.

Ta farko allon siminti ne, mai kaurin kimanin milimita shida. Ana shafa simintin liƙi a kan filawud da cokali mai haƙora, a ɗora allon tun simintin na ɗanye, a ɗaure da sukuru mara tsatsa kowane santimita 20. Amfanin simintin da ke ƙarƙashi shi ne cike duk wani sarari, don kada allon ya riƙa lotsawa. Ana rufe gaɓoɓi da ragar zaren gilas mai jure kaifin siminti. Abu biyu ake yawan kuskure a kansu. Allon siminti ba ya ƙara wa daɓe ƙarfi, don haka ba ya maye gurbin gyaran haƙarƙari. Ruwa ba ya lalata shi, amma yana ratsa shi ya isa ga katako.

Ta biyu tabarmar roba ce mai ƙananan ramuka a samanta da ƙyalle a ƙasanta, kaurinta kimanin milimita uku. Kamfanin Schlüter na garin Iserlohn a Jamus ya fito da irinta mai suna Ditra a 1987, kuma yanzu kamfanoni da dama na yin makamanciyarta. Ƙyallen yana kama simintin ƙasa, ramukan suna kama na sama, robar da ke tsakani tana ba katako damar ɗan zamewa ta gefe ba tare da ya ja tayil ba. Idan aka rufe gaɓoɓinta da zirin da aka yi don haka, tana tare ruwa. Ba ta magance lanƙwasar sama da ƙasa.

Mataki na shida: tare ruwa

Maganin hana ruwa iri biyu ne: na shafawa kamar fenti, wanda ke bushewa ya zama roba, da na shimfiɗawa kamar leda. Na shafawa yana buƙatar aƙalla shafi biyu, na biyu bayan na farko ya bushe, kuma kaurinsa ya kai abin da aka rubuta a jikin bokitin. Yoyo ba kasafai yake farawa daga tsakiyar daɓe ba. Kusurwar bango da ƙasa, bakin magudana da kewayen bututu su ne ƙofofinsa. Saboda haka ana liƙa ziri mai taushi a kusurwoyi, a ɗaga maganin ya hau bango da santimita kaɗan, daɓen ya zama tamkar tire mai baki.

A wurin shawa ana karkata daɓe zuwa magudana da inci ɗaya bisa huɗu a kowace ƙafa, wato santimita biyu a kowace mita. Gangaren ya kamata ya kasance a jikin shimfiɗar hana ruwan kanta, domin ruwan da ya ratsa tayil a kanta yake gudu.

Daga nan sai gwaji. Ana toshe magudana, a cika wurin da ruwa, a yi alama a bango, a bar shi awa 24 kamar yadda masu sana'ar suka saba, sannan a duba ko ya ragu, a leƙa silin ɗin ƙasa. Wannan ita ce dama ta ƙarshe ta ganin yoyo da ido. Bayan tayil ya hau, gyara sai da fasawa.

Masai, gefuna da liƙi

Sabuwar shimfiɗa tana ɗaga daɓe. Zoben da ke haɗa masai da bututun shadda ya kamata ya zauna a saman tayil da aka gama, a ɗaure shi a katako mai lafiya. Idan ya nutse ƙasa da tayil, kakin da ke toshe tsakaninsa da masai ba zai matse ba, kuma duk jan ruwa zai zubar da kaɗan a cikin daɓe. Masai mai girgiza idan an zauna alama ce da ba a yi wa jinkiri.

Wajen liƙa tayil, ƙa'idar ANSI ta nemi siminti ya rufe kashi 80 cikin 100 na bayan tayil a busasshen wuri, kashi 95 a wurin ruwa. Ɗiga siminti guda biyar a bayan tayil yana barin ramukan da ruwa ke kwanciya. A bakin bango da gindin kwami ba a cikewa da siminti. Ana barin tazara a cike da silikon, wanda ke miƙewa idan gini ya motsa.

Banɗakin da ba a yi shi don ruwa ba

Banɗakin da aka saba da shi a ƙasar Hausa jiƙaƙƙe ne. Ana wanka da bokiti, ana alwala da buta, ana wanke ƙasa da tsintsiya, ruwa ya bi magudana. Banɗakin gidan katako na Amurka ko Ingila galibi ba shi da magudana a ƙasa. An tsara shi ne a kan cewa ruwa zai tsaya cikin kwami ko akwatin shawa, kuma sau da yawa babu maganin hana ruwa a sauran daɓen. Wanda ya kama haya a can zai kare kansa idan ya yi wanka da wankin ƙafa a cikin kwami, ya goge abin da ya zuba, ya kunna fankar fitar da tururi, ya kuma sanar da mai gida a rubuce, da hoto da kwanan wata, da zarar ya ga tabo ko ya ji daɓe na lotsawa.

Rubutun yana da muhimmanci domin ana iya juya wannan bambancin al'ada ya zama makamin ɗora wa ɗan haya laifi. A Disambar 2020, Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu wanda iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu a garin Rochdale na Ingila. A Nuwambar 2022 mai binciken musabbabin mutuwa, Joanne Kearsley, ta yanke cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar fumfuna a gidansu na haya ce ta kashe shi. Mahaifinsa ya kai ƙorafi tun shekaru kafin haka. A zaman binciken an ji cewa ma'aikatan hukumar gidajen sun ɗauka salon rayuwar iyalin ne sila, har da zaton wankan ibada da bokiti, ba tare da sun tambaye su ba. An gano gidan ba shi da isasshiyar hanyar fitar da danshi. A 2023 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da tanadin da ake kira Dokar Awaab, wadda ta fara aiki a Oktoban 2025, ta ɗora wa masu gidajen haya na jama'a wa'adin bincike da gyaran danshi da fumfuna.

Idan sa ido ya yi rauni

A ranar 16 ga Yunin 2015, barandar wani benen haya a birnin Berkeley na jihar Kalifoniya ta karye da matasa 13 a kanta. Shida suka mutu a ranar, akasarinsu ɗalibai daga Ireland. Masu binciken birnin sun tarar katakan da ke riƙe da barandar sun ruɓe saboda ruwan da ya shige su, alhali ginin bai kai shekara goma ba. A 2018 jihar ta kafa dokar da ta wajabta duba irin waɗannan baranda a gidajen haya masu ɗakunan zama uku ko fiye, duk bayan shekara shida. Ruwan sama ne ya ci wannan katako, amma yadda ya ci shi ɗaya ne da yadda yoyon banɗaki ke yi: a ɓoye, a bayan shimfiɗar da ke nuna lafiya.

New Zealand ta ga abin a faɗin ƙasa. Dokar gini ta 1991 ta sassauta sa ido, sannan a tsakiyar shekarun 1990 aka amince a kafa gidaje da katakon da ba a jiƙa shi da maganin ruɓa ba. Gidajen da aka gina daga lokacin zuwa farkon shekarun 2000 suka riƙa shan ruwa ta bango suna ruɓewa. Rahoton da aka yi wa gwamnati a 2009 ya ƙiyasta gidaje kusan 42,000 da kuɗin gyara dalar New Zealand biliyan 11.3. An sake dokar a 2004, amma masu gidaje da ƙananan hukumomi sun shafe shekaru a kotu kan wanda zai biya.

Abin da ya shafi ginin kankare

Magina na gargajiya a ƙasar Hausa sun san ruwa abokin gabar azara da ƙasa ne. Shi ya sa makewayi ke ƙasa, nesa da ɗakunan kwana, rufi kuma ke da indararo da shafen makuba. Benen zamani ya hau da banɗaki sama, ya ɗora shi a kan dekin.

Kankare ba ya lanƙwasa kamar katako, saboda haka matakan ƙarfafa haƙarƙari ba su shafe shi ba. Matakan ruwa kuwa sun shafe shi duka. Kankare yana tsotsar ruwa. Idan danshi ya daɗe yana isa ga rodi, rodin yakan yi tsatsa, tsatsa kuma tana cin wuri ninki da yawa fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, sai ta tsaga kankaren daga ciki. Alamominsa sanannu ne: fenti mai kumbura a bayan bangon banɗaki, farin gishiri a jikin filasta, tabo mai launin ƙasa a silin, daga baya ɓallewar kankare har rodi ya fito. A garin Surfside na jihar Florida, inda bene ya rushe ya kashe mutum 98 a Yunin 2021, rahoton injiniya na 2018 ya riga ya yi gargaɗin cewa shimfiɗar hana ruwa da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninƙaya ta lalace, an shimfiɗa ta ba gangare, kuma tana yi wa kankaren ƙasa babbar illa.

Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006. Tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, don haka ƙarfin kowace ƙa'ida ya dogara da hukumar jiha, irin su KNUPDA a Kano. COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke rajistar injiniyoyi, CORBON kuma tun 1989 take rajistar ƙwararrun magina. A ginin gwamnati, kamar ɗakin kwanan ɗalibai ko asibiti, takardar ƙididdigar kayan aiki ce ke nuna ko an ware kuɗin maganin hana ruwa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin wannan takarda daga hukumar tarayya, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Banɗakin da ya fara yoyo kafin wa'adin gyaran kurakurai ya cika nauyin ɗan kwangila ne, kuma don irin haka ake riƙe wani kaso na kuɗinsa.

Abin da mai gida zai nema kafin a rufe

Ko katako ne ko kankare, kariyar mai biyan kuɗi ita ce ya ga aikin kafin tayil ya hau. Ya nemi a rubuta masa sunan maganin hana ruwa da adadin shafinsa a cikin yarjejeniya, ya ga bokitan da idonsa. Ya ɗauki hoton kowane hawa: katakon da aka canza, inda bututu ya ratsa haƙarƙari, kusurwoyin da aka liƙe. Ya tsaya a yi gwajin cika ruwa a gabansa, ya leƙa ɗakin ƙasa washegari. Ya raba biyan kuɗi gida-gida, kaso na ƙarshe ya biyo bayan gwajin. Bayan an gama, ya ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya da bakin makulli. Wanda ya yi amon ganga, akwai rami a ƙarƙashinsa, kuma a ranar ya fi sauƙin cirewa.